Kafin ka sayi motar da babu irinta a gari

Ɗana, na san abin da ke sosa maka zuciya, kuma ba zan ce laifi ne ba. Allah ya buɗa maka, ka yi aiki ka tara, ka gaji da motar da duk inda ka juya sai ka ga irinta, yanzu ranka ya tafi ga wata 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu, mai kwanciya a ƙasa, wadda ƙalilan ne suka san sunanta. Son abu mai kyau ba aibi ba ne, kuma wanda ya ci guminsa ba a hana shi ɗan jin daɗi. Abin da nake so kawai shi ne mu yi lissafin nan tare tun kuɗin suna aljihunka, domin masu sha'awar irin waɗannan motoci kusan duk lissafi ɗaya suke yi, na ranakun da motar za ta yi tana gudu, alhali abin da ke raba mai jin daɗi da mai nadama shi ne ranakun da za ta yi a ajiye.

Don kada maganar ta zama shaci-faɗi, bari mu ɗauki mota guda mu tsaya a kanta. A Ingila, a wani ƙauye da ake kira Hethel a yankin Norfolk, akwai masana'antar Lotus, kamfanin da wani injiniya mai suna Colin Chapman ya kafa a 1952. Aƙidar mutumin ita ce, maimakon a yi ta ƙara wa inji ƙarfi, gara a rage wa mota nauyi, domin ƙarfi a miƙaƙƙen titi yake amfani, rashin nauyi kuwa yana amfani a kwana da birki da tashi duka. Ya rasu a 1982, amma a kan aƙidar nan tasa aka fito da Elise a 1996. Nauyinta kimanin kilo 725 ne, kusan rabin na Camry. Firam ɗinta na alminiyam ne da aka manne da gam maimakon walda, injinta kuma na Rover ne mai lita 1.8 da ƙarfin doki 118 kacal, amma da yake babu wani kayan kirki da zai ja, cikin daƙiƙa 6 ko kusa da haka ta kai gudun kilomita 100 a awa.

Shigarta ma sai an koya. Dokin ƙofar yana da faɗi da tudu, sai ka fara zura ƙafa ɗaya, ka dafa, ka sulale cikin kujerar da ba ta da wani soso, sannan ka jawo ɗaya ƙafar kana sunkuyar da kai. Mai babbar riga da hula dole ya rage kaya tukuna. Ciki alminiyam ne tsirara a ƙarƙashin takalminka. Sitiyarin ba shi da fawa, saboda haka duk tsakuwar da tayar gaba ta taka sai ka ji ta a tafin hannunka, injin yana gurnani a bayan kunnenka, in ka doshi kwana kuma, kafin ka gama niyya motar ta riga ta juya. Ba zan ɓoye maka ba, wannan daɗi gaskiya ne, ba tallar 'yan kasuwa ba ce, kuma waɗanda suka ɗanɗana shi sukan ce sauran motoci sun zame musu nauyi. Amma ka lura da kyau, abu ɗaya ne ta iya, ta kuma iya shi matuƙa, duk sauran abin da mutum ke nema a mota an sadaukar da shi saboda wannan ɗayan.

A shekarar nan dai ta 1996 kamfanin Porsche na Jamus ya fito da Boxster, ita ma kujera biyu, inji a bayan direba, sai dai ta fi Elise nauyi da wajen kilo 500. Masu tsananin son Lotus sukan yi wa wannan nauyi dariya, amma a cikinsa ne ake samun rufi mai naɗe kansa da lantarki, da but biyu gaba da baya, da jakar iska, da kujerar da za ka yi tafiyar yini a kanta ka sauka bayanka lafiya. Ga kuma Mazda MX-5 ta Japan, wadda ta fito a 1989, zuwa 2016 an ƙera miliyan ɗaya. Elise kuwa, cikin shekara 25 har aka daina yin ta a 2021, kimanin 35,000 aka yi duka-duka. Kada ka ɗauki wannan bambanci wasa, ɗana. Motar da aka ƙera da yawa an gama gano cututtukanta an haddace maganinsu, kayanta suna jibge, sabo da na hannu, kuma makanikan da suka taɓa buɗe cikinta ba su ƙirguwa. Boxster na farko-farko ma suna da wani boris a cikin inji da ya yi ƙaurin suna wajen lalacewa, to amma mai ita ba shi kaɗai yake kuka ba, garejoji da yawa sun san ciwon sun san abin yi. Mai motar da ba ta da yawa, shi ne ke biyan kuɗin makarantar makanikinsa.

Ka dubi abin da ƙaramin tsautsayi ke jawowa. Gaban Elise gaba ɗaya, daga hanci har gindin gilashi, ɓawo ɗaya ne na faiba, haka bayanta. A ce ka faka a bakin kanti, wani ya zo yana ribas ya ɗan taɓa ka, taɓawar da in Corolla ce mai gyaran bodi zai buge ya yi fenti kafin la'asar, a nan sai ɓawon ya tsage, ko dai a sami gwanin faiba ya ɗinke, ko a yi odar sabo sukutum, motar ta zauna ƙarƙashin tamfol ana jira. In kuwa bugun ya kai ga firam, to magana ta girma, domin abin da aka manne da gam ba a ja shi da sarƙa a miƙe kamar ƙarfe, shi ya sa ko a can Ingila kamfanonin inshora kan yanke cewa gyaran ya fi ƙarfin kuɗin motar. Injin Rover ɗin nan kuma an san shi da ƙona gasket, duk mai saye da ya san abin da yake yi sai ya buɗe murfin mai ya duba ko fari-fari ya taru a cikinsa, alamar ruwa ya haɗu da mai. Kamfanin MG Rover ɗin ma ya durƙushe a 2005. Daga 2004 Lotus ta fara sa injin Toyota, kuma wata motarta, Evora, da ta fito a 2009 tana ɗauke da V6 mai lita 3.5, dangin na Camry, wannan ya rage ciwon kai sosai, sai dai inji ba shi kaɗai ne mota ba, fitila da gilashi da shakazoba da ɓawon jiki duk nata ne ita kaɗai.

Sannan ka tambayi kanka, wa ke tsaye a bayan motar? Lotus ta shiga hannun General Motors a 1986, ta koma hannun wani ɗan kasuwar Italiya, Romano Artioli, a 1993, sai Proton ta Malesiya a 1996, sai Geely ta Sin a 2017. Ta yi sa'a duk lokacin da ta jigata sai a sami mai ɗauka. TVR ta garin Blackpool, wadda ita ma ta yi suna da motoci masu zafin gudu, ta daina ƙira a can a 2006, masu motocinta suka koma dogaro da ƙananan garejoji da ƙungiyoyin masu irinta. Waɗannan ƙungiyoyi suna da daɗin zumunci, ana taimakon juna da shawara da kayan gyara, amma zumuncin mutanen da wahala ɗaya ta haɗa ne, ka shiga da saninka.

Duk wannan a ƙasar da aka haifi motar ke nan. In kuma nufinka ka yi fitonta ka kawo ta gida, sai ka ninka lissafin. Tsakanin cikinta da ƙasa bai kai taƙi ɗaya ba, ga tudun rage gudu a kowace unguwa, ga ramuka, ga ruwan damina da ke kwanciya a titi ya ɓoye su, ga zafin bazara a cunkoso ga injin da ba ya haƙuri da zafi. Waɗanda ake samu na hannu a Ingila sitiyarinsu a dama yake, Najeriya kuwa tun 1972 ta koma bin hannun dama, kuma juya sitiyari a irin wannan firam ba aikin gindin bishiya ba ne. Ka zaga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ka ambaci fitilar Elise, za a ce maka sai dai a yi oda. Iyayenku ba don rashin sanin daɗi suka riƙe Fijo 504 ba. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, duk garin da ta tsaya maka akwai mai taɓa ta, wannan kwanciyar hankali suka saya. Masu doki na dā sun san zancen nan sarai, sayen ingarma ba shi ne aiki ba, harawa da dawa da kanwa da ɗan barga na kullum su ne aiki, ranar hawa kuwa sai sallah zuwa sallah. Ranar sayarwa ma haka, a Turai Elise tana riƙe darajarta a wurin masana, amma a nan dillali zai yi ta yawo da hotonta, masu yabo dubu, mai taya babu.

Yanzu bari mu zo ga abin da ya fi inji da firam muhimmanci, wato niyyarka. Ka keɓe kai kaɗai ka tambayi zuciyarka, da a ce babu wanda zai gan ka a cikinta, da asuba za ka riƙa fita kan titin da babu kowa ka dawo ka rufe gareji, shin har yanzu kana son ta? In amsar i ce, to tuƙin kake so, kuma mai son tuƙi yana iya haƙuri da jiran kaya daga ƙetare, domin ya san abin da yake jira. In kuwa ka ji sha'awar ta ragu, to idon mutane kake nema, idon mutane kuma ba ya daɗewa a kan abu ɗaya, mako biyu sun saba da kai, wata uku wani ya fito da wadda ta fi taka, ka zauna da motar da ba ta ɗaukar iyali, ba ta zuwa ƙauye, ba ta sayuwa. Son zuciya ɓacin zuciya. Ba ina zarginka ba ne, ɗana, kowa yana da ɗan rabonsa na son a yaba, amma gara ka kama kanka da kanka kafin kuɗi su fita.

Ka kuma tuna masu haƙƙi a kanka. Irin wannan mota ba ta zama ta farko a gida, ta biyu ce ko ta uku, bayan akwai wadda za ta kai yara makaranta, ta kai mai ciki asibiti da tsakar dare, ta ɗauki mahaifiyarka ba tare da ta durƙusa ba. Kada a ci bashi dominta, kada a taɓa jari, kada a jinkirta kuɗin makaranta ko zakka. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ma'aunin mai sauƙi ne, in za ta iya yin wata uku a gareji, a kawo maka takardar kuɗin gyara mai nauyi, ka biya ba tare da fuskarka ta sauya wa iyalinka ba, to kana da ƙarfinta. In kuwa lalacewarta za ta sa ka shiga gida kana faɗa da wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ba ka kai ba tukuna, kuma rashin kaiwa yau ba gazawa ba ce.

Sai maganar rai, wadda ta fi duka nauyi. Mota marar nauyi mai inji a tsakiya tana riƙe titi ƙwarai har zuwa iyakarta, amma in ka wuce iyakar, musamman a jiƙaƙƙen titi, ka tsorata ka ɗage ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, bayanta kan wulwulo ya zama gaba kafin ka ankara, kuma Elise ta farko ba ta da na'urar hana taya kullewa in an taka birki. A Ingila masu irin waɗannan motoci sukan biya kuɗi su shiga filin tsere kamar Silverstone ko Brands Hatch a ranakun da aka ware, da hular kwano da malami a gefe, su koyi iyakar motar inda babu mai tsallaka titi. Titinmu kuwa na kowa ne, na ɗan acaɓa da mai Keke Napep da almajiri da yarinya mai talla. Wasan mota a bikin aure ko a titin unguwa ba bajinta ba ce, kuma ran da aka ɗauka cikin ganganci babu inshorar da ke biyansa gobe ƙiyama.

To ga abin da zan ce ka yi. Kada ka saya daga hoto, zuwa da kai ya fi saƙo. Ka shiga, ka tuƙa ta a cunkoso da rana tsaka, ba a buɗaɗɗen titi kaɗai ba, ka tuƙa Boxster ko MX-5 a rana ɗaya don ka ji bambancin da jikinka. Ka nemi wanda ya riƙe irinta shekaru, ka tambaye shi kuɗin da ya kashe da tsawon jiran da ya yi, ba gudun da ta yi ba. Ka samo makanikin kafin ka samo motar, ka sa masani ya duba ƙarƙashinta da takardun gyaranta, ka ware kuɗin gyara daban da kuɗin saye. Ka yi shawara da maiɗakinka, ka yi istihara, sannan ka bar maganar ta kwana biyu, domin sha'awar gaske ba ta gudun jira. In bayan duk wannan zuciyarka ta tsaya, ka saya, ka ji daɗinka, ka gode wa Allah. In kuwa ka ga wadda kowa ya sani ta fi dacewa da halinka, ka ɗauke ta ba tare da jin kunya ba, mutumin da ya san gwargwadon kansa ba ya ƙasƙanta. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya tsare ka, ya tsare mutane daga gare ka.