Maganar Shugaba Nassi Ce?

Ƴan uwa ɗalibai, wata gardama na tsinta wajen karance-karance, ta ƙi fita raina. Gardamar mabiya Mormon ce, cocin da Joseph Smith ya kafa a Amurka a 1830.

Littattafan nassinsu huɗu ne: Baibul, Littafin Mormon, Koyarwa da Alkawura, da Lu'ulu'u Mai Tsada. Amma ba su rufe ƙofa ba. Shugaban cocin annabi ne gare su, mai rai, yana iya samun wahayi gobe da safe. To in ya hau mumbari ya yi magana, nassi ce? Nan suke rabuwa. Wasu sun ce sai an kawo magana gaban babban taro, jama'a sun ɗaga hannu sun yarda, kana ta shiga nassi. Haka aka yi wa littafi na huɗu a 1880. Wasu kau sun riƙe abin da Ezra Taft Benson, ɗaya daga manyansu, ya koyar a 1980, wai annabi mai rai ya fi littattafan muhimmanci. Har fiddawa ana yi: wasu darussa bakwai kan bangaskiya sun zauna cikin littafi na ukku tun 1835, a 1921 aka cire su.

Da fari dariya na yi. Ɗaga hannu, sai ka ce zaɓen shugaban aji! Dariyar ba ta jima ba.

A 1852 Brigham Young, magajin Smith, ya shelanta cewa ba a naɗa baƙar fata firist. Aka kuma hana baƙaƙe, maza da mata, manyan ibadun haikali. Babu rubutaccen wahayi kan wannan hani da aka taɓa kawowa taro aka ɗaga masa hannu. Duk da haka an bi shi shekara 126. A kudancin Nijeriya da Gana, tun shekarun 1960, mutane sun karanta Littafin Mormon, sun haɗa jama'arsu, suna ta aika wasiƙu Amurka a zo a yi musu baftisma. Suka yi ta jira har 1978, lokacin da Spencer Kimball ya ɗage hanin, taro ya amince, sanarwar ta shiga littafi. A 2013 cocin ya fito fili ya nesanta kansa da bayanan da aka riƙa badawa, irin su wai baƙar fata la'ana ce.

Yau wani mabiyi na iya cewa: ai dama ba nassi ba ne, ra'ayin mutum ne. A takarda yana da gaskiya, kuma na fi son ɓangarensu, don ma'auni rubutacce ya fi bakin mutum guda. Amma ni wannan amsa ba ta ishe ni ba. Wanda ya tashi a 1950 ya ce "wanga ba nassi ba ne", mi za a kira shi? Mai taurin kai. Abin da ka ji tsoron saɓawa, shi ne nassinka, ko yana cikin littafi ko babu.

Mu ma kar mu yi saurin nuna yatsa. Sau nawa a fada wani ke rufe mana baki da "malam ya ce", ba mai tambayar aya ce, hadisi ne, ko fahimtar malam? Ni kaina na sha yin shiru. Makon jiya ma na yi, don mai maganar ya girme ni, kuma shayinsa muke sha.