Ranar da Kifi Ya Ƙi Ci: Haƙuri Ne Ko Taurin Kai?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani irin su wanda ba a yinsa da taru ko koma, ba a kuma sa tana a bakin ƙugiya. Masunci yakan ɗauki gashin tsuntsu da zaren siliki ya naɗa a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaron ruwa, sa'an nan ya wurga ta a hankali kan rafi, ko kifin da suke kira tirawut zai ɗauka abinci ne ya cafke. Da ɗumi abin yana tafiya daidai. Amma jikin kifi zafin ruwa yake bi. Idan ruwa ya sauka zuwa digiri 4 ko 5, sai cikinsa ya daɗe bai narka abinci ba, ya koma gurbi mai zurfi inda ruwa ba ya gudu, ya lafe. Ƙwari ma ba su fitowa sai ɗan lokaci da tsakar rana. Mutum yana iya wuni tsaye cikin ruwa, ƙanƙara tana toshe zobban sandarsa, ya koma gida hannu wofi.

To, 'yan'uwa masu karatu, wannan mutum da ya ƙi tashi, ya ƙi kuma sake dabara, me za mu kira halinsa?

An yi wannan gardama da gaske a kudancin Ingila. Frederic Halford, wanda yake su a kogin Test, ya buga littafi a 1886 a kan ƙugiyar da ke yawo a saman ruwa, almajiransa kuwa suka mai da koyarwarsa doka: mutumin kirki ba ya jefa ƙugiya sai ga kifin da ya gani ya taso, ba ya kuma barinta ta nutse. In kifi bai taso ba, sai a jira. Wani lauya mai suna Skues, da ke su a kogin Itchen, ya zuba ido ya ga cewa sau da yawa kifin yana cin 'ya'yan ƙwari a ƙarƙashin ruwa tun kafin su yi fiffike. A 1910 ya buga littafi yana cewa a bi kifi inda yake ci.

Kada mu yi saurin yi wa mutanen Halford dariya. Wanda ya ɗaure kansa da ƙa'ida a wurin da babu mai ganinsa, ya yarda ya rasa abin da yake so maimakon ya karya ta, yana da wani abu da ya yi ƙaranci a kasuwa da ofis. Ai ranar rashi ce ke nuna ko ƙa'idar mutum tasa ce, ko kuwa ado ne na lokacin yalwa. Ɗan kasuwar da ba ya tauye mudu ran da ciniki ke gudana bai gwada mana kome ba tukuna. Sai ran da ya wuni ba wanda ya taya kayansa.

Amma a nawa ganin akwai inda suka kauce. Haramcin tauye mudu yana kare maƙwabci. Dokar ƙugiya mai yawo kuwa, al'ada ce da mutane suka ƙaga domin su ƙara wa wasansu wuya, kuma Skues bai zuba guba a ruwa ba, bai ketare iyakar kowa ba. Abin da ya yi shi ne ya duba halitta yadda take, ya gyara aikinsa. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Mai haƙuri na ainihi idonsa a buɗe yake, yana jira yana koyo. Mai taurin kai yakan maimaita jifa ɗaya sau ɗari, ya sa wa wahalarsa suna nagarta. Ko Siman Bitrus, bayan daren da bai kama kome ba, da aka ce ya tura jirgi zuwa zurfi, tura shi ya yi, ko da yake gwani ne a sana'ar.

Abin da ya fi muni shi ne sa'ad da ƙa'idar da mutum ya zaɓar wa kansa ta zama ma'aunin da yake auna mutuncin wasu. A 1938 ƙungiyar masu irin wannan su a Landan ta zauna muhawara a kan hanyar Skues, akasarin masu magana suka tsaya gāba da shi. Abokan sunsa ma suka matsa masa, har a wannan shekara ya bar wurin da yake su a Itchen tun 1883, yana tsoho mai shekara 80. Ya rasu a 1949. Yau a mafi yawan waɗannan koguna an yarda da ƙugiya mai nutsewa, ana kuma koya wa sababbin masunta ita domin irin ranakun nan na sanyi da kifi ba ya tasowa.