Sauyin Kwamiti Amana Ce

'Yan uwa, kamar yadda liman ya sanar, wa'adin kwamitin masallacinmu ya cika, sabon kwamiti zai karɓi aiki. A irin wannan lokaci ne Shaiɗan ke samun ƙofa, don haka muka ga ya dace mu tunatar da juna.

Mu duba magabata. Da Sayyidina Abubakar ya ji ajali ya kusa, a shekara ta 13 bayan Hijira, bai bar al'umma cikin ruɗani ba. Ya shawarci manyan sahabbai, sannan ya sa Sayyidina Usman ya rubuta wasiyya cewa Umar ne zai gaje shi. Da Umar ya hau, sai ya sauke Khalid bin Walid daga shugabancin rundunar Sham, ya naɗa Abu Ubaida. Khalid bai yi fushi ya janye mutanensa ba, ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashin Abu Ubaida, don Allah yake yi wa aiki. Shi ma Abu Ubaida bai daina neman shawararsa ba.

To, ga namu darasin. Masu sauka, ku miƙa komai a rubuce, a gaban shaidu: takardun fili, makullai, littafin kuɗin shiga da na fita, bashin wuta, da haƙƙin ladan da malaman Islamiyya. A je banki tare a sauya masu sa hannu. Mu baƙi ne a nan Kudu. In takardar fili ta ɓata a hannun mutum ɗaya, gobe wani ya taso da rigima, da me za mu kare masallacin?

Masu hawa, kada ku rushe komai rana ɗaya. In za a koma karɓar sadaka ta asusun banki, a yi wa dattawa bayani, a bar akwatin Juma'a ga wanda bai saba ba. Ku riƙa karanta lissafi a bainar jama'a.

Mu kuma sauran jama'a, mu daina cewa "na garinmu ne" ko "ba namu ba ne". Bakano da Basakkwace da Bazabarme duk sahu ɗaya muke tsayawa. Mai ƙorafi ya kawo wa kwamiti, kada ya kai shi teburin mai shayi.

Allah Ya saka wa masu sauka da alheri, Ya yi wa sababbi jagora, Ya haɗa kanmu. Amin.

Sakataren Masallaci