DANDALI: ABIN DA YAKE NA KOWA, NA WANE NE?



Kwanakin baya, bayan Misa ta safe, wani dattijo ya tare ni a bakin majami'a da wata tambaya. Ba a wurin furta zunubi ya yi ta ba, shi ya sa na sami bakin kawo ta nan, da izininsa. Ya ce an yanka filin da yaran unguwarsu suke wasa a nan Tudun Wada, an yi masa tayin kaso ɗaya ya gina shaguna, takardu kuwa sun cika, har da hatimi. Sai ya ce, "Fada, filin nan ba na kowa ba ne. In na saya, wa na cuta?" Ban ba shi amsa a tsaye ba, gama tambayar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa.

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Doka ya shiga birnin Zazzau zai iske babban fili a Ƙofar Fada, kusa da masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim. Nan ake jafi ranar hawan Sallah, nan talaka yake ganin sarkinsa ido da ido. Magabata ba su rasa abin da za su gina a wurin ba. Da gangan suka bar shi a buɗe. Haka kowane ƙauye yake da nasa gwargwadon ƙarfinsa. A ƙauyen da na tashi, dandalinmu bai wuce inuwar tsamiya ɗaya da durumi biyu ba, amma a nan dattawa suke raba gardamar iyakar gona, a nan 'yan mata suke gaɗa in farin wata ya fito, a nan ake kokawa da dambe bayan kaka. Mu Kirista da Musulmi da masu bin al'adar kakanni, duk ƙura ɗaya muka sha. Ba wanda ya taɓa nuna takardar wannan fili, ba kuma wanda ya taɓa kafa masa shinge, domin kunyar gari ta fi kowace takarda kauri.

Tudun Wada kuwa garin baƙi ne tun asali. Bayan Turawa sun shigo Zariya a 1902, suka keɓe ta domin 'yan Arewa waɗanda ba 'yan birni ba, Sabon Gari kuma a hayin Kubanni domin mutanen Kudu. Mutanen da ba kaka ɗaya ya haife su ba sun fi kowa bukatar wurin haɗuwa, gama ba su da zauren gado da zai tara su.

To, a nan kuskuren dattijon yake, a ganina. Da ya ce filin ba na kowa ba ne, abin da yake nufi shi ne ba mutum guda da zai kai shi kotu. Amma abin da babu mai shi dabam, abin da masu shi suka yi yawa dabam. Filin nan yana da masu shi: yaron da ɗakinsu ɗaya ne su bakwai, tsohuwar da take shanya barkono, iyalin da za su kafa rumfar makoki domin gidan haya bai ɗauki mutane ba, da kuma waɗanda ba a haifa ba tukuna. Kowannensu rabonsa ƙanƙane ne, shi ya sa ba mai ihu. Wanda ya ɗebi kwabo kwabo daga aljihun mutum dubu, ba za a bi shi da sanda ba, amma doka ta bakwai ba ta ce sai wanda aka yi wa sata ya yi kuka ba.

Na san za a ce doka ta yarda. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, amma a matsayin amana domin amfanin jama'a ta danƙa su. Littafi Mai Tsarki ya riga ta: a Littafin Firistoci sura 25 Allah ya tuna wa Isra'ila cewa ƙasa tasa ce, su baƙi ne a kanta. Annabi Ishaya a sura 5 ya yi kaito ga masu haɗa gida da gida har ba a bar wa kowa wuri ba. Majalisar Batikan ta Biyu a 1965 ta koyar cewa Allah ya nufi duniya da albarkunta domin dukan mutane, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu kuma ya sake jaddada wannan a 1991. Ikilisiya ba ta ƙi mutum ya mallaki abinsa ba, shago kuma ba zunubi ba ne, da shi ake biyan kuɗin makaranta. Abin da na fi so a tuna shi ne yadda annabi Zakariya ya kwatanta Urushalima da aka komo da ita a sura 8. Bai ambaci dogayen gine-gine ba. Tsofaffi ya gani zaune da sandunansu, yara maza da mata kuma sun cika fili suna wasa.

Sai dai kafin mu nuna dattijon nan da yatsa, mu dubi katangarmu. Majami'unmu ma a dā a buɗe harabarsu take, yaran maƙwabta suna buga ƙwallo ba a tambayar sunansu. Sai aka ƙone majami'u a Zariya a watan Maris na 1987, sai bam ya tashi a Katidiral na Kristi Sarki a Sabon Gari a watan Yuni na 2012. Muka ɗaga katanga, muka sa ƙofar ƙarfe da masu bincike. Ba zan ce mun yi laifi ba. Wanda ya binne ɗan'uwansa ba a yi masa wa'azin buɗe ƙofa da garaje. Amma katangar ta ci mana wani abu da ba mu lissafa ba. Yaron da ya taɓa buga ƙwallo da ɗanka, ya sha ruwa a randarka, da wuya a rinjaye shi ya ɗauko maka fetur. Yanzu muna da samari a gefe biyu na katanga waɗanda ba su taɓa jin sunan juna ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Da na sake ganin dattijon, na gaya masa ba zan hana shi da ikon da ba ni da shi ba, amma ya je ya tsaya a filin da la'asar, ya ƙirga kawunan da ke ciki, sa'an nan ya tambayi mai unguwa ina za su koma. Ya yi shiru, can ya ce, "To Fada, ku fa? Filin bayan majami'a, tun yaushe rabon da yaro ya taka shi?"

Na sa maganar cikin abin da majalisar Ikilisiya za ta tattauna a zamanta mai zuwa: ko za a iya buɗe ƙaramar ƙofa daga la'asar zuwa magariba, da dattawa biyu suna zaune a bakinta. Ina roƙon shugabannin Zumuntar Mata da na matasa su zo da ra'ayinsu, har da waɗanda suke ganin bai kamata a buɗe ba.