Guzurin Komowa Daga Mirrihu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ɗora taurari bisa hanyoyinsu, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa (S.A.W.). Bayan haka:

Malaman fiƙihu, sa'ad da suke bayanin iko a babin Hajji, ba su tsaya ga guzurin zuwa kaɗai ba. Malikiyya sun ce lalle a duba abin da zai komo da mahajjaci, in ana tsoron zai tozarta a can. Wannan mas'ala ta komowa ita ce ta sha wa masana kumbo na Amurka kai game da duniyar Mas, wadda Larabawa ke kira Mirrihu.

A 2021 hukumar NASA ta saukar da motar bincike mai suna Perseverance a kwarin Jezero. Ta yi ta haƙar duwatsu tana zubawa cikin ƙananan bututu tana liƙewa, har ta jere guda 10 a ƙasa a farkon 2023, don a zo a ɗauka. To, ina abin ɗauka? Daga wata an sha yi: kumbon Rasha Luna 16 ya komo da giram 101 na ƙasa tun 1970. Amma daga Mirrihu ba a taɓa tayar da roka ba, domin ta fi wata ƙarfin janyo abu, ga kuma nisa.

Mai karatu ya dubi irin tanadin da aka yi. An zana roka mai hawa biyu, tsawonta kamar mita 3, wadda dole a kai ta can cikin wani kumbo da manta a cikinta, don babu inda za a sayo ko ɗigo. Aka zaɓi daskararren mai, saboda ya fi jure ajiya cikin sanyin da ya wuce na ƙanƙara nesa ba kusa ba. Aka shirya a cilla ta sama tukuna, sa'an nan ta kama wuta a iska. Kuma babu mai tuƙa ta daga nan, gama saƙon rediyo kan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya isa. Watau duk abin da aka manta a gida, an manta ke nan har abada.

Masu cewa yawan lissafi raunin tawakkali ne sun yi kuskure. Shari'a ta umurci bawa ya riƙi sababi iyakar ƙoƙarinsa, ya bar wa Ubangiji sakamako. Ba a zargin waɗannan masana da yawan tanadi. Abin dubawa shi ne an tura mai haƙa tun ba a tabbatar da kuɗin mai ɗaukowa ba. A 2024 NASA ta ce dala miliyan dubu 11 sun yi yawa, jira har 2040 kuma ya yi tsawo, ta shiga neman wata dabara. Bututun nan 10 suna can kwance a kwarin Jezero, ƙura tana sauka a kansu.