TAUSAYI DA DOKA: ME YA KAI NAS MAJALISA?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin jama'a, wai aikin jinya aikin lada ne, don haka bai kamata a ji bakin nas wajen neman haƙƙi ba, balle a gan ta tana sintiri a harabar Majalisar Dokoki da takardar koke a hannu. Masu wannan ra'ayi sukan ce wanda ya zaɓi tsayuwa a kan marar lafiya ya riga ya sadaukar da jin daɗinsa, siyasa kuwa a bar wa 'yan siyasa. Maganar tana da daɗin ji, kuma da yawan masu faɗinta da zuciya ɗaya suke yi. To amma ya kamata mu zauna mu auna ta, domin kuwa amsar da muka bayar ita za mu tarar ranar da ciwo ya kai mu gadon asibiti.

Da farko dai ba mu musun cewa tausayi shi ne tushen jinya. Tarihin Musulunci ya adana mana sunan Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, kuma a tantin nata aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan Yaƙin Gwalalo. Ba albashi ne ya kai ta ba. Sai dai mai karatu ya lura, tantin nan ya sami wurin zama ne da amincewar shugabanci, kuma da umarnin shugabanci aka kai mata majinyaci. Ashe tun can asali tausayi yana bukatar hukuma ta ba shi gurbi.

Dalili kuwa shi ne, duk yawan tausayin mutum, hannuwansa biyu ne. Mu da ke zaune a nan Ƙofar Na'isa da sauran unguwannin cikin ganuwa, da wuya a sami gidan da bai taɓa zaman jinya ba, ko a Asibitin Murtala, ko a Hasiya Bayero, ko a na Malam Aminu Kano. Saboda haka kowa zai iya kwatanta wannan a ransa: a ce ɗaki mai gado talatin, cikin tsakar dare, nas ɗaya tal. Ƙarin ruwan wannan ya ƙare, wancan numfashinsa yana sarƙewa, ga wata can jini ya ɓalle mata. Wa za ta fara dubawa? Duk wanda ta zaɓa, ta bar wani. A 2002 wata masaniya mai suna Linda Aiken da abokan aikinta sun fitar da binciken da suka yi a asibitoci 168 na Jihar Fensilbaniya ta Amurka, inda suka gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. To wa ke yanke yawan ma'aikatan da za su kwana a ɗakin nan? Ba nas ba ce. Kasafin kuɗi ne, kasafin kuɗi kuwa sai Majalisa ta amince da shi yake zama doka. Wato abin da zai sami majinyaci da ƙarfe biyun dare, da rana tsaka aka yanke shi a zauren da babu ƙaurin magani.

Idan haka ne, shirun nas ba tawali'u ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya ga yoyo a kan marar lafiya ya kame bakinsa don kada a ce ya cika ƙorafi, ya kare mutuncin kansa ne da lafiyar wani.

Wannan muhawara ba a kanmu aka fara ta ba. A Ingila, Ethel Fenwick ta shafe fiye da shekara 30 tana fafutukar a yi dokar rajistar ma'aikatan jinya, yayin da Florence Nightingale da kanta ta ƙi amincewa, bisa ganin cewa halin kirki ba a auna shi da jarrabawa. An yi dokar a 1919, kuma albarkacin irinta ne yau ba kowa ke sa fararen kaya ya ɗauki sirinji ba. A Jihar Kalifoniya nas-nas sun matsa har aka sa hannu kan doka a 1999, ta fara aiki a 2004, wadda ta ƙayyade cewa a ɗakin masu matsanancin ciwo nas ɗaya ba za ta riƙe fiye da mutum 2 ba. A nan gida, Doka ta 89 ta 1979 ce ta kafa hukumar da ke yi wa nas-nas da unguwarzoma rajista, Kofoworola Pratt kuwa, nas ce da ta riƙe kujerar Kwamishinar Lafiya ta Jihar Legas daga 1973 zuwa 1975.

Amma fa kada mu yi wa maganar kwalliya. Akwai tambaya mai nauyi: ina iyakar neman haƙƙi, ina farkon son kai? A watan Fabrairun 2024 hukumar rajistar ta fito da sharaɗin cewa sai nas ta yi aikin shekara 2 kafin a tantance mata takardun fita waje, shugabanta kuma ya ce fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3. Nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da sharaɗin. Wa ke da gaskiya? Al'ummar da ta horar da mutum da dukiyarta, kamar yadda ake yi a makarantun jinya na Kano da Madobi da ta unguwarzoma ta Ɗambatta, tana da haƙƙi a kansa. Sai dai wanda aka ɗaure da igiya jikinsa kawai ake samu. Adalci ne ke zaunar da zuciya. Haka kuma a ranar 30 ga Yulin 2025 nas-nas na asibitocin Gwamnatin Tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi, suka janye bayan 'yan kwanaki. Duk ingancin bukatunsu, ranar yaji mai kuɗi asibitin kuɗi yake tafiya, talaka ne ke komawa gida da ciwonsa.

A ganinmu ma'aunin guda ne: idan aka biya bukatar, marar lafiya zai gani a jikinsa? Ƙarin ma'aikata, alawus ɗin da zai zaunar da unguwarzoma a ƙauye, kariya daga masu ɗaga hannu su mari ma'aikaci a bakin aiki, kujera a hukumomin da ke tsara harkar lafiya, duk waɗannan sun haye ma'aunin. Rigimar muƙami da gasar girma tsakaninsu da likitoci ba ta haye ba. Kuma wanda ya nemi doka ta kare shi, dole ya yarda doka ta kama shi. Nas ɗin da ke daka wa mai naƙuda tsawa ita ce ta fi kowa rusa koken 'yan'uwanta, ƙungiyarsu kuma ya wajaba ta zama ta farko wajen neman a hukunta ta.

Wannan ne ya sa muke ganin zauren Majalisa ya fi yajin aiki dacewa da mai jinya, tunda a can hujja ake kaiwa, ba a bar kowa a kan gado ba. Hanyar ma a buɗe take. Majalisar Dokokin Kano mai wakilai 40 ta yi dokar taimakekeniyar lafiya a 2016, ta yi ta asusun tallafa wa lafiya a 2017, shugabannin Afirka kuma tun 2001 suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. Abin da ya rage shi ne masu bibiya, waɗanda za su tambayi nawa aka saki, ma'aikata nawa aka ɗauka, ina aka tura su.

Nan ne namu nauyin ya shigo, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun saba idan ɗan majalisa ya zo unguwa mu roƙe shi kuɗin magani na mutum ɗaya. Ya kamata mu koyi tambayarsa abin da ya faɗa ranar da aka karanta kasafin lafiya. Malamai da limamai da masu unguwanni da mu marubuta, kowa yana da bakin da ake ji. Idan muka toshe wa nas ƙofar Majalisa da sunan aikinta na lada ne, ƙofa biyu kawai muka bar mata, ta yajin aiki da ta filin jirgi, kuma duk wadda ta bi, mu ne a ƙasa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu kwana a kansu da alheri.