Rufin Asirin Majinyaci, Ko da Mashahuri Ne

A watan Disamba 2013 Michael Schumacher, Bajamushen da ya ci kambun tseren motoci na duniya sau 7, ya faɗi wajen wasan zamiya kan ƙanƙara a Faransa, ya ji mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, ya yi watanni bai farfaɗo ba. Tun daga nan matarsa Corinna ta tsare ƙofa, masoyansa kuwa suna ta neman labari. Shin suna da hakki? Suratul Hujurati ta hana binciken asirin mutane, ba ta kuwa cire mashahuri ba. Wanda ciwo ya hana shi kare sirrinsa, amanarsa tana wuyan iyalinsa. Masoyin gaskiya, fatan alheri ya ishe shi. Allah Ya ba majinyata sauƙi, amin.